Kunnuwan Moton Baba

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Daga mahaifinka, Malam Tankari na Kore Mairuwa, zuwa ga ɗana Basiru, sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyen nan na bayan Lugu.

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah shi sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da mai gidan da ya ba ka masauki, da yaran mutane da anka damƙa a hannunka. Allah shi tsare ka a hanya, shi raba ka da rairayin da ke kayar da moto, da ramin da ba a gani sai an faɗa. Innarku na gaishe ka. Ba labarin gida na zauna in ba ka ba. Hatsi na rumbu, awaki na nan da ransu, wannan ya ishe ka.

Ka san idona ya yi rauni, shi ya sa kamar kullum yayanka Sahabi ne ke riƙe da alƙalami, ina faɗi shina rubutawa. Yaro ne mai amana, ko ɗigo guda ba shi ƙarawa a kan abin da na faɗa. Kuma kada ka hau tudun nan da kuke samun rezo ka ce za ka kira ni a waya a kan wannan magana. Kunnena ya fara nauyi, wayar nan sai ƙara take yi mini. Abin da ke cikin takarda shi ne maganata.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar da za ka tafi na ba ka motona, babur ɗin nan nawa, na kuma ba ka shi da kunnuwanshi, aljihunan fatar nan biyu da ke ɗaure a hannuwan moto, waɗanda mutum ke zura hannu ciki iskar ɗari ta wuce ba ta taɓa shi ba. Na haɗa maka da garkuwar fatar da ke tare gwiwa da ƙafa. Moto kam na ba ka, ba ni komawa kan wannan, tunda a gaban mutane anka yi. Amma kunnuwa da garkuwa, kwana bakwai ke nan ina juya abin a raina, na ga na yi gaggawa. Ina son ka kwance su ka ba direban da ya kawo maka takardar nan, shi maido su gida a ba yayanka Sahabi. Kafin ka saki leɓen nan naka na ƙasa yadda ka saba tun kana goye, ka zauna ka ji yadda anka yi na same su. Ba wayo ya ba ni su ba. Wauta ce, ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin da na fara hawan moto ban yi aure ba, ƙarfi ya yi mini yawa. Buhun wake nike ɗaurawa a baya in kai kasuwar Tibiri. Da an sallame sallar asuba sai mu tashi, mu huɗu ko biyar. Abokan tafiyata in ɗari ya shigo sai su nemi tsofaffin safar ƙafa su zura a hannu. Ni kuwa in tsaya ina yi musu dariya, ina tambayarsu ko yau da hannu za su taka ƙasa. Na ce namiji mai jini a jika ba shi buƙatar tsumma. Haka na hau hannu tsirara. Kafin mu yi rabin hanya na daina jin yatsuna, amma na ƙi faɗi, don na riga na cika baki. Muna dab da shiga Tibiri sai ga wata mata ta koro jaki ta hau hanya, an yi mishi lodin tukwane hagu da dama. Tun daga nesa na gan ta. Zuciyata ta ce kama birki, na aika ma yatsuna saƙo, yatsu sunka ƙi zuwa. Ina kallonsu a kan hannun moto kamar na wani mutum. Birkin ƙafa kaɗai na taka, baya ya zame, ni da moto da buhun wake munka shiga cikin tukwane.

Jaki bai ji komai ba, sauƙi ma ya samu. Matar ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini. Tsayawa ta yi ta dube ni, ta tambayi ko ni ɗan wane ne, na faɗa mata, ta ce ta san ubana, mutum ne mai hankali. Na yi hantsi a bakin hanya ina raba wake da fasassun tukwane. Ana cikin haka sai ga kakanku na wajen uwa, wanda lokacin nike neman ɗiyarshi, ya biyo za shi kasuwa. Na durƙusa in gaishe shi, hannuwana a dunƙule kamar ƙafar kazar da anka yanka. Ya dube su ya sake duba, ya wuce. Sai da anka kai mishi mutane biyu sunka shaida ba haka anka haife ni ba, sannan maganar aure ta ci gaba.

Saboda haka, ɗana, kada ka yi gardama da ɗari a kan moto. Hannun da ya daskare ba shi kama birki, kuma ba shi gaya maka sai lokacin da kake buƙatarshi. In ka ji yatsu sun fara nauyi ka tsaya, ka sauka, ka yi ta buɗe su kana rufewa sai sun dawo. Wanda za shi yi maka dariya shi yi shi wuce.

Na san abin da za ka ce, don ku 'yan lakwal an koya muku mayar da magana. Za ka ce ai labarin nan hujja ce ta ka riƙe kunnuwa. A'a. Kai daga masaukinka zuwa lakwal tafiyar me ce ce? Kafin shayi shi tafasa ka isa. Kuma ba ka fita sai rana ta hau, yara sun share fili sun jeru suna jiran su ce maka Mushe, wato malam. Yayanka Sahabi kuwa tun da asuba shike kan kwalta, a kan moton mutane, shina kabu-kabu tsakanin Kore Mairuwa da Dogon Dutsi. Babbar mota in ta gifta shi iskarta har ƙashi take shiga. Ka taɓa duban hannunshi? Bayan hannun duk ya tsattsage kamar diddigen tsohuwa, in ya yi alwala ruwan har ja shike yi. Ga shi yaro kyakkyawa, dogo, duk garin nan an shaida ya fi ka fasali, hannun kaɗai ke rage mishi kasuwa.

Kuskurena na biyu a ƙasar da kake yanzu na yi shi, don haka ka ji shi da kyau. Bayan abin Tibiri na koma sa safar ƙafa a hannu kamar kowa, na kuma rufe bakina. Amma safa iska na ratsa ta. Wata safiya na nufi wajen Lugu sayen kaji, hannu ya sake mutuwa. Wannan karon na tsaya, ƙarƙashin wata tsamiya, na ce bari in yi dabara. Na cire safa na dafa tafin hannuna na dama a kan salansa, ƙarfen nan da hayaƙi ke fita, don in samu ɗumi. Ban ji komai ba. Na ƙara dannawa. Hancina ne ya fara ba ni labari, na ji ƙauri kamar ana babbakar kan akuya. Da na ɗaga hannu fata ta tashi fari fat, amma zafi ko kaɗan babu.

Nan tsoro ya kama ni. Na dubi tsamiya, na dubi hannu, na tuna a wace ƙasa nike, ƙasar da ta shahara da iskoki. Na ce shi ke nan, doguwa, aljanar daji, ta kama mini hannu, in ba haka ba wane irin hannu ne wuta za ta ci bai ji ba? Duk abin da na haddace na karanta, har da wanda ban haddace da kyau ba. Na tura moto da ƙirji har cikin gari. Anka nuna mini gidan wata tsohuwa da ta san sha'anin iskoki. Na durƙusa na zayyana mata, na ce a faɗa mini abin da doguwa ke so, ko baƙar akuya ce in nemo. Ta kama hannun ta juya shi, ta taɓa ɗayan, ta taɓa kunnena. Sannan ta ce:

"Ɗan nan, doguwa na da aikin yi. Ɗari ne ya kama ka, wauta ta ƙarasa."

Ta sa anka kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi a ƙwarya, ba mai zafi ba, ta tsoma hannun hagu ciki. Na daman ta shafa mishi magani ta naɗe da tsumma mai tsabta. Da jini ya dawo, a nan na san na ƙone. Ihun da na yi har kajin da ban riga na saya ba sai da sunka watse. Ko goro ba ta karɓa ba. Tabon nan da kuke gani a tafin hannuna, wanda na ce muku na igiyar rijiya ne, to na salansa ne.

Abu biyu za ka ɗauka a nan. Hannun da sanyi ya kashe ba a kai shi ga wuta, ba a kai shi ga ƙarfe mai zafi, don ba shi da bakin ce maka ya isa. Ka cusa shi a hammata, ko ka nemi ruwa mai ɗumi, ka yi haƙuri shi dawo da kanshi. Na biyu, mutanen wurin. Na san kai da abokanka na Dogon Dutsi kuna da littattafai, kuna da hujja a kan komai, kuma ban hana ka abin da ka gane na addini ba. Amma ba wa'azi anka aike ka ba, karatun yara anka aike ka. Ka gaida tsofaffinsu a durƙushe, ka sha ruwan da sunka ba ka. Ranar da moto za shi kayar da kai cikin rairayi su ne za su ɗaga ka. Sahabi ya iya wannan, duk gidan da ya shiga kafin shi fito an dama mishi fura. Kai kuwa gaisuwarka kamar ta jandarma.

Da hannun ya warke na je Dogon Dutsi wajen Gado baduku, Allah shi jiƙan shi. Na ce shi ɗinka mini abin da za shi rufe hannuna da hannun moto gaba ɗaya. Bai taɓa yin irinshi ba, amma ya zagaya moto sau biyu, ya auna da tafin hannu, ya ce in ba shi mako biyu, don shina son shi sa ma bakin abin ƙarfen da za shi tsayar da shi. Na ce ni jibi nike da kasuwa. Na tsaya a kanshi ina azalzala har ya ɗinka mini na fatar akuya mai laushi, ya miƙo mini.

Ɗumi kam sun yi ɗumi. Amma daga ranar moto ya sake hali. In ina tafiya a hankali lafiya lau. Da na hau kwalta na murɗa, sai shi riƙa ja da baya kamar an riƙe mishi wutsiya, tayar gaba ta yi zafi har tana wari. Na kai ma makanike. Ya hau, ya zagaya tasha, ya ce moto lafiyarshi lau. Na koma, na sake komawa. A na ukun na ce mishi a gaban mutane bai iya aiki ba, gara shi koma noma. Mutumin da munka yi wasan ƙasa tare. Daga baya Gado ya ji labari, ya ce in ɗauke shi a baya mu hau kwalta. Muna cikin gudu ya leƙo ta kafaɗata, ya ce in tsaya. Ashe iska ce ke tura fatar baya, fatar ta danne hannun birki, ni da kaina nike tafe da birki a kame ban sani ba. A tasha ba gudu ba iska, ta ina makanike za shi gani?

Gado ya karɓe su. Wannan karon na ba shi mako biyunshi har da ƙari. Ya yi waje da fatar bijimi, ya sa waya mai kauri a baki ta tsayar da su nesa da birki, ciki kuma ya shimfiɗa fatar rago da gashinta. Su ne waɗannan da ke wurinka. Makanike kuwa ya daɗe ba shi amsa gaisuwata da daɗi, sai da na taka har gidanshi na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na kunyata shi.

To in abu ya lalace maka, ka fara duba abin da kai ka ƙara mishi kafin ka ci mutuncin mai sana'a. In mai sana'a ya ce ka jira, ka jira. Kuma duk mai hawa da kunnuwan nan dole kowace safiya shi taɓa wayar bakin, shi tabbata ba ta lanƙwashe ta kusanci birki ba. Gado ya rasu, 'ya'yanshi sun tafi ci-rani, ba wanda ya riƙe allurarshi. Na robar da 'yan kasuwa ke kawowa yanzu ɗari guda suke yi su yage, kuma ba waya a bakinsu. Wato abin nan ba a sake samun irinshi. To wa ya san sirrinshi a gidan nan? Shekara shida ke nan Sahabi ne ke sauko da su in ɗari ya gabato, shi kakkaɓe, shi shafa musu man shanu da yatsa, shi miƙe waya, in zafi ya shigo shi rataye su inda gara da ɓera ba su kai. Ba wanda ya sa shi. Kai kuwa ran da anka ce ka gwada ɗaurawa, na dama ka ɗaura a hagu. Af, na tuna. Kashin awakin da ka iske cikin kunnen hagu ranar tafiyarka, ban san wanda ya zuba ba, kuma ban yarda ka yi bincike ba.

Saura ƙafa. Nan ma sai da na yi nawa. Wani ya ce mini leda ba ta barin iska ta wuce. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai gaya mini ba shi ne leda na da santsi, kuma ba ta son zafi. Na ɗaure ƙafafuna cikin baƙar leda har idon sawu, na sa silifas a kai, na hau ina jin kaina mai dabara. Wajen shiga Dogon Dutsi na zo taka birki, ƙafa ta sulluɓe ta bugi inji, ledar ta narke ta manne mini a fata. Ban faɗi ba, Allah ya tsare, amma na wuni cikin kasuwa ina ɗingishi da baƙar leda a ƙafa kamar kazar da anka yi ma alama, da azahar kuma na zauna bakin masallaci ina ɓamɓare ta kafin in yi alwala, mutane na wucewa suna mini sannu. Daga nan ne Gado ya yi mini garkuwa.

Kai ba ka buƙatar garkuwa. Kana da takalmi rufaffe irin na ma'aikata, har kala biyu, baƙi da ja. Abin da za shi dame ka wandon nan naka ne da ke tsayawa bisa idon sawu. Ban ce ka sauke shi ba, ka ce sunna ce, na ji. Amma ta nan iska za ta fara cizonka. Ka nemi doguwar safa ka sa biyu-biyu. A ƙirji kuma ka shimfiɗa takarda cikin riga, tana tare iska fiye da yadda kake zato. Mu da takardar buhun siminti muke yi, kai kuwa takarda ta yi maka yawa, ko littattafan rubutun yara da sunka cika sun ishe ka. Ka tattare rigarka ka zauna a kai kada sarƙa ta ja ta. Ka ga ke nan kai Allah ya hore maka hanyoyi da yawa. Sahabi silifas gare shi, ɗayan ma da ƙusa anka tare igiyarshi.

Yanzu kuskure na ƙarshe, wanda ya fi sauran. Shi ba a hanya na yi shi ba, cikin gida na yi shi.

Shekarar da anka zo rubuta yaran lakwal, ku biyu ne a gidan. Na hana babba, don ya isa riƙe hauya kuma ya yi nisa a allo, na miƙa ƙarami. Ban ce allo na ƙasa da lakwal ba, Allah shi kiyaye. Amma daga ranar duk abin da ya shigo gidan nan sabo hanyarka shike bi. Fitila taka ce, don kana karatu. Keke naka ne, don lakwal da nisa. In an yanka kaza tsokar taka ce, don kanka na aiki. Shi kuwa Sahabi gona tashi, kiwo nashi, rubuta mini wasiƙa nashi, da tsufa ya zo mini jinyar moto ma ta koma tashi. Bai taɓa ƙorafi ba. Sai dai shi yi ta wasa, shi ɓoye ma ladan takalmi, shi kwaikwayi muryar mai gari har mata su fito da gudu suna gyara lulluɓi, mutane su yi dariya su ce Sahabi ba shi da damuwa. Ni ma haka na ɗauka, don ya fi mini sauƙi.

Ranar tafiyarka da safe na ce mishi shi wanke moto, shi sauko da kunnuwa da garkuwa shi ɗaura. Ban gaya mishi dalili ba. Ya wanke har ƙarƙashin inji, ya bi sarƙa da tsinke. Ina jin shi shina waƙa. Ya zaci kai mota za ka shiga kamar sauran malamai, ya zaci ranarshi ce ta zo, za ni ce shi mayar ma mutane motonsu shi hau na gidan ubanshi. Har rigarshi ta Juma'a ya sa. Da maƙwabta sunka taru na fito da makulli na miƙa maka. Shi ne ya fara cewa Allah shi sanya alheri. Shi ya ɗaure maka katifa da buhun gero a baya, ya ja igiya har ta shiga tsagar hannunshi. Ka tuna ya ce ka yi hankali kada yaran lakwal su ga kunnuwa su zaci jaki anka aiko musu, kowa ya yi dariya? Da ka ɓace a kwana ya zagaya bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba.

Ɗana, in Allah ya ba ka 'ya'ya, kada ka ɗauka wanda ke dariya ba shi jin ciwo. In an ba ka abu a gaban ɗan'uwanka, ka waiwaya ka dubi fuskarshi kafin ka sa a aljihu. Kai ba ka waiwaya ba. Moto ba shi rabuwa biyu, amma abin da ke jikinshi na kwantuwa. Ka kwance su a hankali, kada ka lanƙwasa waya, ka naɗe su cikin buhu mai tsabta. Ka ce ma direba shi ba Sahabi hannu da hannu a tasha, ba sai an kawo mini su gida ba, zuciyata ba ta da ƙarfin ganinsu.

Allah shi yi maka albarka, shi ba ka haƙuri da yaran mutane, shi sa ka gama da duniya lafiya. Allah shi tsare fitarka da shigarka, safe da marece.

Mahaifinka,
Malam Tankari.

Basiru, dakata. Kada ka kwance komai. Sahabi ne, duk abin da ke sama ni na tsara shi, Baba bai san da shi ba.

A nan na tsaya, na bar tawada ta bushe, na ninke takarda na nufi tasha. Baba na zaune a zaure shina jan carbi. Ya tambaye ni ko motar wajen Lugu ta tashi, na ce ba ta tashi ba. Ya ce in ɗauko alƙalami. Ga saƙonshi na gaskiya, duka-dukanshi:

"Ka ce mishi ina gaishe shi. Shi riƙe salla. Shi riƙa sa hannu cikin kunnuwan nan ko tafiyar kusa ce, shi tun shina ƙarami sanyi ba shi barinshi."

Na tsaya da alƙalami ina jiran saura, babu saura. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce, "Ni fa, Baba?" Bai ɗago ba. Ya ja carbi kamar guda uku, sannan ya ce, kamar da bango shike magana:

"Wanda ke gabana ina ganin hannunshi kullum a akushi. Basiru ne ba ni gani."

Sai ya kai ido kan hannuna, idon nan da ba shi gani sosai, ya daɗe shina duba. Daga nan ya ce in miƙo mishi buta.

Ban ce maka na gamsu ba. Har yanzu in na tuna hannunka mai laushin alli cikin gashin ragon nan sai in dubi nawa hannun. Amma na san ka. Da ka ga sunan Baba a ƙasan takarda ba za ka tambayi kowa ba, a take za ka kwance su, gobe ka hau hannu tsirara. Kuma maganar kusancin lakwal da masaukinka ƙarya na yi. Na taɓa kai fasinja ƙauyen nan, na san nisan, na san sai ka fita kafin rana ta fito, in kuwa ka faɗi a rairayin can sai dai makiyayi shi tsince ka. Wannan ba ni iya ɗaukarshi. Ka bar su inda suke.

Labaran hanya duk gaskiya ne, a zaure na tsince su in Baba na ba abokanshi, ka yi aiki da su. Na ƙarshen ne bai taɓa faɗa ba. Abin ya faru yadda na rubuta, amma shi bai ce kuskure ne ba, ni na ce.

Na so in yaga takardar, na fasa. Ina son ka karanta ta, don da baki ba ni iya gaya maka, sai in mayar da abin wasa. Kuma da kana da wayon da ake cewa kana da shi, da tun a shafin farko ka gano ni. Yaushe ka taɓa jin Baba ya kama sunana? Ni ɗan fari ne, tun da anka haife ni "kai" nike, in ba ni kusa "wancan". Yau na sa shi ya faɗe shi har na gaji da rubutawa, ya ma ce ni kyakkyawa ne. Ya yi mini daɗi, ba ni ɓoye maka.

Kada ka gaya mishi. In ka gaya mishi, daraktan lakwal ɗinku za shi samu wasiƙa daga hannun sarki a kanka, kuma ka ga dai na iya.

Allah shi kai ka lafiya, shi maido ka gida da yatsunka goma cif.

Ni ne na rubuta, tun daga bisimilla har nan.
Yayanka,
Sahabi.